Na'urar Ƙofar Tasha Tana Tambayar Iri

Tun ranar Litinin na'urar binciken da ke ƙofar tashar mota ta koyi sabuwar tambaya. A da, girman memorin wayar matafiyi kawai take dubawa. Yanzu irinsa take tambaya, kuma duk wanda ta ce tsohon iri ne, nan take take goge shi.

Shi ya sa Goggo Laure ta tsaya a rumfar Sallau mai gyaran waya kafin ta shiga motar Funtuwa. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro wani ɗan memori.

"Muryar marigayi maigidana ce a ciki. Ita kaɗai ta rage mini. Jikokinsa zan kai wa su ji."

Sallau ya jujjuya shi. "Goggo, wannan ƙofa ba za ta bar shi ba. Sai dai in juye miki a sabon iri."

"Ba abin da zai taɓa ta?"

"Sun ce gyara ta ma yake yi."

Ya juye, ya kunna. Muryar Malam ta fito tas, babu tari, babu kukan kajin tsakar gida.

"Laure, kawo mini ruwa."

Daga cikin tasha ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya.

"Ga shi ya fi kyau, Goggo. Wanne zan ba ki?"

Ta bi tsohon memorin da kallo. Malam mai i'ina ne. Shekara arba'in suna tare, bai taɓa kiran sunanta a numfashi ɗaya ba.