Teburin Bakin Taga

Tegan ce ta zaɓi wurin, ɗaya daga gidajen abincin Faransawan nan masu rassa ko'ina a Melbourne, don abincinsu na rana da araha. Ta zo ne su tsayar da ranar aure. Saurayinta Callum kuwa tun daga ƙofa yake sunkuyar da kai.

Mai kawo abinci na ganinsa ta washe baki. "A'a, mutumina! Yau har da baƙuwa? Miyar albasar taka ce, ko? Ga teburinka can bakin taga."

Tegan ta dube shi, ta dubi kwat ɗin da ta goge masa da safe.

"Ba a ofis kake yini ba?"

Ya kasa haɗa ido da ita. "Sun sallame ni tun watan jiya. Nan in ka sayi miya, ba mai tashinka har la'asar."

"Abincin da nake ƙunsa maka fa?"

"Tsuntsayen bakin kogi nake ba," ya ce, murya can ƙasa.

Ta daɗe tana juya zoben baikon da ke yatsarta.

"Gobe ma zan ƙunsa," ta ce. "Amma a gabana za ka ci, maƙaryacin banza."