Gorar Ruwan Teku

"Yaya, ba ga shi muna jin rurinsa ba? Ruwa ai ruwa ne!"

"Ke dai riƙe min takalmana."

Wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, fataucin goro ya kai su kudu har bakin teku. Motar komawa gida da la'asar za ta tashi, sai suka ce bari su je shan iska kafin nan. Da suka isa, ba tekun ba alamarsa, sai wani tulin yashi fari fat da ya tokare musu gaba, ya fi rumbu uku a kan juna, ruwan yana ta gurnani a bayansa. Ƙanwar ta dubi sabon leshinta, ta dubi tudun, ta shimfiɗa gyale a inuwar kwakwa ta zauna, wai ita kunnenta ma ido ne. Ita kuwa babbar, tsohuwarsu ce ta riƙe hannunta ranar tafiya ta ce, "Ni dai ƙafa ta ƙare, ke ce idona. Kada ki dawo min da an ce."

Babbar ta tasam ma tudun yadda ake hawan dutsen garinsu, a miƙe, da dogon taku. Yashi ya ce bai san zancen ba. Ta taka, ya zame, ya dawo da ita inda ta fara, baki cike da ƙasa. Ta sake, ya sake. Ƙanwar tana daga ƙasa tana tafi: "Sannu da dawowa, Yaya! Ya hanya?" Tafin ƙafa ya yi jajir don zafi, rana kuma ta soma karkata. Nan ta tuna yadda suke fitowa daga busasshen rafi da tulu a ka. Ta ɗaure gyale a ƙugu, ta juya gefe, ta riƙa kafa yatsu cikin yashin tana hawa a karkace, in ta zame ta dafa da hannu, tana haki tana salati. Da ta kai ƙoli, sai ga ruwa shuɗi har inda sama ta sauko, ba gaɓa, ba bishiya, yana tasowa kamar bango yana faɗuwa. Ta gangara, ta lasa, ta yamutsa fuska, ta cika gorarta.

Da suka iso gida, kafin babbar ta kwance kaya ƙanwar ta tara unguwa. Ta kumbura kumatu tana "wuuu, fashaa!" har yara suka ɓuya bayan iyayensu. Tsohuwa ta ce, "To, ya ɗanɗanonsa?" Ƙanwar ta ce ai garɗi, kamar ruwan randa sabuwa. Babbar ta miƙa wa tsohuwa gora. Tsohuwa ta kurɓa, ta furzar, ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ita ma ta je teku.

Ƙanwar ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ai lokacin da ni na sha ba a kai ga zuba gishirin ba."

Dama Hausawa sun ce, gani ya kori ji.