Takarda a Aljihun Kyaftin

Tunda yanzu an ba ka mutane a ƙarƙashinka, zauna in ba ka wani misali. An yi wani kyaftin a wani bariki, mutum mai tsafta da ƙwazo, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah ya jarrabe shi da rowar labari. In saƙo ya zo daga sama, sai ya ninke takardar ya zura a aljihun gaban rigarsa, ya sa maɓalli. A ganinsa, in soja ya san abin da za a yi gobe, raini ne zai shigo. Saboda haka sojojinsa kullum a guje suke. Mutum ya zauna zai kai loma, a busa begila. Ya jiƙa kakinsa zai wanke, a ce fareti nan da rabin awa. Ni kam wannan wahalar banza tana ba ni haushi, don aikin bai fi ƙarfinsu ba, sanarwar ce ba ta zuwa sai wuri ya ƙure.

Wata rana takarda ta zo cewa Janar zai kawo ziyarar duba bariki nan da kwana goma sha biyu. Kyaftin ya san abin da wannan ke nufi gare shi. Shekara shida ke nan yana jiran ƙarin girma zuwa manjo, kuma abin da Janar ya gani ranar shi zai yanke hukunci. To amma hali zanen dutse. Takarda ta shige aljihu ta yi kwanciyarta, sai ranar ziyarar bayan sallar asuba ya tara sojoji ya ce Janar na isowa ƙarfe goma sha ɗaya.

Al'adar bariki kuwa, in babban baƙo zai zo, duk abin da ba ya motsi sai an shafa masa farar ƙasa, tun daga duwatsun bakin hanya har gindin bishiyoyi. Ita kuma farar ƙasa, tana jiƙe toka-toka take, sai ta sha rana ta bushe take yin fari fat. Sojoji suka hau shafawa a gurguje. Kyaftin ya zagayo ƙarfe tara, ya ga duwatsu kamar an watsa musu ruwan wanki, hankalinsa ya tashi. Ya ce a buɗe sito a fito da farin fentin mai, wanda yana taɓa abu yake ƙyalli. Wani tsohon samanja da ya yi furfura a cikin kaki ya ƙame ya ce, "Yallaɓai, shi wannan fentin sai ya kwana kafin..." Kyaftin ya katse shi: "Samanja, na tambaye ka?" Ya ce, "A'a, yallaɓai." Shi ke nan, aka bi komai da burushi, har dogon bencin da ke ƙarƙashin darbejiya a bakin filin fareti.

Janar ya iso, bariki sai ɗaukar ido yake, kyaftin har ya fara jin nauyin sabon girma a kafaɗarsa. Sai dai shi wannan Janar ba ya zama a kujerar alfarma. Ya fi son ya zauna a inuwa cikin ƙananan sojoji ya ji ta bakinsu, kuma wannan ma yana rubuce a takardar. Da an karanta wa samanja ita, ko da wuƙa a wuya ba zai bari burushi ya taɓa bencin nan ba. Janar ya nufi darbejiya kai tsaye. Samanja ya buɗe baki, ya tuna ba a tambaye shi ba, ya mayar ya rufe. Janar ya zauna, ya jingina, ya sha hirarsa son ransa. Da ya zo tashi, benci ya ce bai san zancen ba. Sai da ya yunƙura sau biyu kafin su rabu, ga fararen layuka raɗau a bayansa tun daga kafaɗa har ƙafar wando. Sojoji ɗari biyu a ƙame, dariya na cin su, kumatu kamar za su fashe. Janar ya shafa bayansa, ya dubi tafin hannunsa, shi ya fara tuntsirewa, sannan fili ya ɗauka.

Da dariya ta lafa, ya tambayi samanja yaushe aka gaya musu zai zo. Samanja ya ce, "Yau bayan asuba, ranka ya daɗe." Janar ya juya ga kyaftin ya ce ina takardarsa. Kyaftin ya ɓalle maɓalli ya ciro ta, har ninkin ya fara cinye ta. Janar ya dafa nasa aljihun ya ce, "Ni ma da takarda na zo, ta manjo ce, da sunanka a kai. Amma na ga a barikin nan aljihu ne ma'ajin takarda. Bari tawa ma ta kwana biyu." Aka shimfiɗa masa jarida a kujerar mota, ya tafi da abarsa.

Kwana biyun nan sai da ya zama shekara guda. Na tausaya wa kyaftin wallahi, don ba mugu ba ne. Amma daga ranar, takarda ba ta sake kwana a aljihunsa ba, har sojoji na tsokanarsa a bayan ido cewa in zai yi atishawa ranar Juma'a, tun Litinin za a sanar a fareti. To kai ma, duk labarin da mutanenka ke buƙata don su shirya, miƙa musu tun da sauran rana. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.