Baƙi Ɗaya, Kore Ɗaya

Ƙawata Tabawa, matso ki ji wani misali.

Akwai wani saurayi mai sana'ar gina shafukan intanet, ƙungiyar 'yan garinsu ta damƙa masa shafinta ya gyara. A gefen shafin akwai 'yan akwatuna jere daga sama har ƙasa, kowanne da hoton mutum da sanarwa. Tun asali in rasuwa ce akwatin baƙi ne, in suna ne ko aure, kore. Shi kuwa da ya ga baƙaƙe uku a jere sai abin ya tsaya masa a rai, wai babu tsari. Ya rubuta wa kwamfuta umarni ɗan layi guda: na farko baƙi, na biyu kore, haka bi da bi har ƙasa, ko mene ne a ciki. Sakataren ƙungiya ya ce, "Ɗana, tsofaffinmu fa launi suke karantawa." Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai ga rubutu nan ɓaro-ɓaro." Shafi kuwa ya fito tsaf, kamar saƙar tabarma.

To akwai wata tsohuwa, ɗanta tilo direban tirela ne a Kurmi. Ko bihim ba ta iya karantawa, amma kullum in ta idar da sallar walha sai ta buɗe wayar da ya saya mata, ta bi hotuna, ta yi wa na baƙi addu'a, ta yi wa na kore barka. Ran nan matar direban ta haihu a can, aka sa sanarwar suna da hotonsa, layi ya faɗo masa a kan baƙi. Tsohuwa ta ga fuskar ɗanta yana murmushi cikin baƙin akwati. Salati ɗaya ta yi ta kife a kan dardumarta. Da labari ya iske saurayin, nan take ya goge layin umarnin nan, kafin a hura wuta launuka sun koma yadda suke. Tsohuwa kuwa ɓarin jikinta ya shanye, baki ya karkace. Ranar suna direban ya zo ya durƙusa yana cewa, "Inna, ni ne, ga ni da raina," tana dubansa hawaye na bin kunnenta, ba bakin amsawa. Saurayin yana tsaye a zaure, ya kasa sallama.

Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a kan rasa ido. Allah ya tsare mu da aikin da-na-sani. Ki bar shi a cikinki don Allah, Tabawa, uwar saurayin tana da rai, kuma sahu ɗaya muke tsayawa da ita ranar Juma'a.