Batir Mai Ƙyalli da Tumatirin Fadama

Bari in ba ka misali da wani direba mai taurin kai, wanda har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Yana da tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, da ita yake kai wa manoman fadama tumatirinsu kasuwa. Da batirinta ya mutu, mai gyaran wutar mota ya nuna masa wani baƙi, mai nauyin tsiya, ya ce shi ne daidai da ita, don injin gas ba ya tashi da lallashi, balle wanda ya tsufa. Amma idon gogan naka ya riga ya faɗa kan wani ɗan ja mai ƙyalli, irin na ƙananan motocin fetur. Ya juya shi, ya ga kawuna biyu kamar na wancan, ya ce ai batir batir ne. Mai gyara ya ce, "Maigida, wannan ba zai juya injinka ba in motar ta huce." Direban ya ce shekara ashirin yana riƙe da sitiyari, ba a koya masa mota, ya sayi ɗan jan ya ɗaura. Abin da ya dogara da shi, ƙofar gidansa gangare ce. Kullum a nan yake ajiye ta, da safe ya sake ta ta gangara, ta yi tari ta kama, shi kuwa yana yabon wayonsa.

Ranar kasuwa ya sauka fadama da sanyin safiya, ya kashe mota, aka shiga lodi. Kwando talatin, gumin mutum bakwai na wata uku, kuma manyan motocin kudu masu kwasar tumatir a kasuwa da azahar suke tashi. Aka gama ɗauri, injin ya huce sarai. Ya murɗa makulli, ta yi nishi sau biyu, ta yi tsit. Ya duba gabas ya duba yamma, ina gangare a fadama? Manoma suka tuɓe riguna suka tura, tayoyi suka nutse cikin laka. Sai ya hau zagi. Ya zagi motar, ya zagi lakar, ya tsine wa mai gyaran da bai yi masa laifin komai ba, ya ɗirka wa taya ƙafa har ɗan yatsansa ya fashe. Kafin a samo babur a ɗauko baƙin batirin nan da ya raina, la'asar ta yi, motocin kudu sun tafi, ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun samu biki. Wani dattijo mai kwando shida ya dube shi ya ce, "Da motarka kaɗai ka kashe, da mun yi maka jaje. Abincin 'ya'yanmu ka kashe." Tun daga ranar babu wanda ya ƙara ɗora ko albasa ɗaya a motarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.