Akushin da Dije Ta Ɓatar

Tun bai gama gaisawa da dattawa ba Abdulmuttalib ya fara fito da hotuna. Daga ƙasar Sabiya ta Turai ya dawo, kuma ya ƙudurta duk wani mai kunne a ƙauyen sai ya ji labari.

Ga shi a jikin ganuwar Simederebo, bakin kogin Danub. Ga shi a Nobi Sad, ƙarƙashin wani tsohon agogo da dogon hannunsa ke nuna awa, gajeren ke nuna minti. Ga shi a ƙofar masallacin da Turkawa suka bari a Belgired. Kowane hoto sai ya tsaya ya ƙare wa fuskarsa kallo kafin ya miƙa, abin da ke bayansa kuwa bai taɓa damunsa ba.

"Ya jama'a, mutanen can sun san darajar kayan kakanni," in ji shi. "Ko dutse ne, in ya tsuhwa sai su kewaye shi da igiya. Mu ko? Akushi guda aka bar muna, shi ma mun kasa riƙo."

Kowa ya san inda maganar ta dosa. Aka waiwayi Dije, matar marigayi baffansa, tana rakuɓe a bakin tabarma.

Akushin nan kakan gari ne, wanda ya kafa ƙauyen, ya ɗauko shi a ka tun daga Sakkwato. A cikinsa ake cin tuwon dawar farko kowace kaka. Mai riƙon akushi ita ke zama a ɗakin Kaka, wato ɗakin da kakan garin ya bari, kuma Dije ce ke riƙe da shi tun rasuwar mijinta. Da ya tsage ma, ita ta ɗinke shi da jar waya. Bara ya ɓace, a makon da aka gama gyaran famfunan ruwa na garin Makwar da ke kusa da ƙauyen. Wasu suka ce ta yi makamashi da shi, wasu suka ce ruɗewar tsufa ce. Tun daga nan ba a ƙara cin abincin hannunta ba. Taron yau ma nata ne: za a yanke ko ta fita daga ɗakin ta koma wajen danginta can garin Dindir, inda ba ta san kowa ba sai kaburbura.

Abdulmuttalib, wanda ke shiga ɗakin nan kamar na uwarsa, shi ya fi kowa zaƙewa. Ai yanzu masani ne. Alhali direba ne kawai na wani injiniyan Sabiya da ya zo aikin famfunan, mutum mai son tsofaffin kaya, wanda ko shayi bai taɓa saya wa lebura ba. Amma ga shi ya aiko wa direbansa da tikitin jirgi. Da aka tambayi dalili, Abdulmuttalib ya ce halinsa na kirki ne ya ja masa.

"Halas, magana ta ƙare, Goggo, ki yi haƙuri ki tahi," ya ce. "Amana ba wasa ba ce."

Maliki, babban dattijo, ya gyaɗa kai. Dije ta ƙura wa tabarma ido. Baƙin ciki ya riga ya cinye mata kuka.

Hoton ƙarshe ya zagayo har hannunta, don ba wanda ya tuna ya tsallake ta. Abdulmuttalib ne a lambun gidan injiniyan, ya dafa kafaɗar maigidan, haƙora duk a waje. Dije ta kai hoton dab da idonta, ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi, ta ajiye shi a cinyar Maliki, ta ɗora yatsa a kusurwar ƙasa.

A gefen ƙafar Abdulmuttalib, wani ƙaton kare ya tsoma baki yana cin abincinsa cikin baƙin akushi mai ɗinkin jar waya.