Awon Matar Magini

Ƙau! Har ɗakina na jiyo ƙarar, na yi maza na leƙa ta tagar maƙwabta. Ashe tela ce, doguwar yarinyar nan da maƙwabcina magini zai aura. Ya kawo ta ganin gidan da za ta zauna, goshinta ya daki gungumen katakon da ke riƙe da rufin falo. Ɗankwali ya faɗi, ƙannensa mata suka tuntsire da dariya.

Ta dafe goshi tana kallonsa, tana jiran ko sannu. Gogan naku sai gyara hula yake.

"Tun ana aiki na roƙe ka ka ɗaga katakon nan," in ji ta a hankali.

"Ina sane na bar shi. Matar gidana ta koyi sunkuyawa tun daga ƙofa."

Na ce a raina, yau akwai kallo.

Ko hawaye ba ta yi ba. Ta zaro tef ɗin awo daga jaka, ta take bakinsa da ƙafa, ta ja har katakon. Ta rubuta lambar ɓaro-ɓaro da allin ɗinki a kan sabon fentinsa, sannan ta rataye mukullin da ya ba ta a jikin wata ƙusa.

"Haba gimbiya, wasa fa nake," ya ce.

"Ga awon matarka nan, malam. Shiga gari ka nemo daidai ita. In ka samu kawo min ita in ɗinka mata kayan aure, yadi kaɗan zai ishe ta."